Saukar Littafin Kwamanda

Ga ta nan, ga ta nanku, ta shekarar jar dawa.

Ta zo mu ji ta, mu ma mu samu na faɗa.

A shekarar tamanin da huɗu damina ta yi rowa. Hatsi ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, ko kai bai fidda ba. A wani ƙauye da ake kira Garin Cindo, tsakanin Cadawa da Gangara, akwai wata tsohuwa mai suna Tala. Mai awo ce. Shekara talatin tana zaune a bakin kasuwa da tiyarta, wato kwanon da ake auna hatsi, kuma duk ƙasar an san hannun Tala ba ya rawa. Ba ta danne mai saye, ba ta cuci mai sayarwa.

Shi ya sa da gwamnati ta buɗe mangaza, wato babban ɗakin ajiyar hatsi, a garin don rabon cimakar taimako, ta turo wani matashin hafsan soja ya kula da ita, dattawa suka ce in dai awo ne a kira Tala. Hafsan nan sunansa Hayatu, amma ba mai kiransa haka, kowa Kwamanda yake ce masa. Dogo ne siriri, mutumin gabas, mai jin nauyin tsofaffi. In Tala ta shigo sai ya miƙe tsaye ya ce, "Inna, an tashi lafiya?" kai ka ce ba shi ne mai bindiga ba.

Rabon da karne ake yin sa. Kowane gida da karnensa, takardar da aka rubuta mutanen gidan a ciki. Mai karne ya miƙa a auna masa jar dawa, marar karne ya yi haƙuri. Haka umarni ya zo daga sama.

To, nan ne gizo ke saƙar. A gonar Tala ta bayan gari, ƙarƙashin gawo, akwai rugar wani Bafulatani mai suna Sajo. Tun mijin Tala na da rai, kowace kaka Sajo ke saukowa da shanunsa gonar, su ci kara su bar taki. Uwar Sajo kuwa, Gogo Yelwa, ƙawar Tala ce tun suna da sauran ƙarfi, irin ƙawancen da ake ƙullawa da goro a gaban shaidu. Wannan ta kawo nono, waccan ta kawo hatsi, su zauna su yi ta zagin juna har rana ta karkata. Bana sun sauko daga arewa su arba'in da uku, har da ƙannen Sajo da iyalansu, da shanu biyar da suka rage musu. Karnensu yana hannun ardonsu, shi kuma ba wanda ya san inda fari ya jefa shi. Saboda haka ko tiya ɗaya ba a auna musu.

Tala ta raba awonta biyu ta kai wa ƙawarta. Yelwa ta ɗaga faifai ta leƙa, ta mayar ta rufe, ta turo mata ƙwaryar.

"Mun ci, mun ƙoshi."

"Mi kunka ci? Ɗiyan anzar dajin can masu ɗaci da ke jiƙe cikin tukunya?"

"Anza ma cimaka ce in an iya jiƙa ta."

"Ke dai kunyar Fulani sai ta kai ki kushewa."

"Ke kuma Kaɗo ba abin da ya sani sai ciki. Ɗauki ƙwaryarki, kada ɗiya su gani."

Sajo ya riga ya faɗa, in wata ya mutu ba wani sauyi, za su nausa kudu neman abin kai wa baki. Tala ta san gwiwoyin Yelwa. Daga ruga zuwa rijiya sai ta huta sau biyu. In aka ce tafiyar kudu, a hanya za a bar ta ƙarƙashin wata bishiya da tulin ƙasa a kanta. Ta je ta roƙi Kwamanda, ya ce ya rubuta sama har sau biyu, shiru kake ji. Ya faɗa yana kallon ƙasa, ta ga shi ma abin na cin sa, sai ta ƙyale shi.

Ana nan, ran nan kamyo, babbar motar kaya, ya zo da buhuna, a cikin buhunan da wani akwatin katako mai nauyi. Matan da ke jiran awo suka fara canki. Wata ta ce kifin gwangwani ne, wata ta ce dabino, wata ta rantse ta ji ƙamshin sabulu. Kwamanda ya sa wuƙa ya ɓalle murfin. Littattafai ne guda bakwai, da takarda ɗaya a samansu.

Tala ta leƙa ta ce, "Wanga kuma na ci ne ko na sha?"

"Na karatu ne, Inna. Manya suka zauna suka zaɓi littattafan da ya kamata kowane hafsa da kowane shugaba ya karanta. An ba mu zuwa faɗuwar damina, kowa ya karanta ya rubuta musu abin da ya ƙaru da shi."

"Wa zai biya maka?"

"Ba mai biya mini. Ni kaɗai zan yi ta yi."

Tala ta girgiza kai. Karatu ba malami, kamar miya ba gishiri. Ta koma kan tiyarta.

Bayan kwana shida, da hantsi, tana share ƙwayoyin dawar da suka zube a ƙofar buro, wato ofis, ta ji Kwamanda ya rufe littafi ya yi miƙa ya ce, "Alhamdu lillahi, ɗaya ya tafi."

"Ka sauke?"

"Na gama shi."

"Madalla. Yaushe walima?"

"Walimar me, Inna?"

Tala ta jingine tsintsiya. Ba wasa take ba, tausayinsa ne ya kama ta. Ga ɗan mutane, uwarsa na nesa, ba mai gaya masa abin da ya kamata. A garinsu ko yaro ya kai izu guda ana dama kunu, balle babban mutum ya sauke littafi sukutum ya rufe shi kamar ya rufe ƙofar akurki.

"Ɗana, littafi in an sauke shi ba a yi sadaka ba, karatun ba ya zama. Zurarewa yake kamar ruwa cikin kwando. Gobe a tambaye ka, ka buɗe baki ka ji wayam."

Kwamanda ya yi dariya. "Inna, wannan fa da Faransanci aka rubuta shi. Labarin yaƙi ne."

"Da ido ka karanta shi ko da ƙafa? A kira Liman."

Aka kira Liman, Malam Abdulmumini, wanda shi ma rigarsa ta fara yi masa yawa. Ya zauna ya gyara rawani, ya tambaya ko akwai zagin addini a cikin littafin. Kwamanda ya ce babu. Ya tambaya ko akwai amfani. Kwamanda ya ce manya dai sun ce akwai. Idon Liman ya faɗa kan buhun shinkafar da ake aiko wa Kwamanda ta cin kansa, yana jingine a lungu. Ya haɗiye miyau.

"Ban ga inda anka wajabta ba," in ji shi a hankali. "Ban kuma ga inda anka hana ba. Abin da na sani dai, tunda nike ban taɓa ganin wanda sadaka ta yi wa illa ba."

Kwamanda ya dubi tsofaffin nan biyu, ya ce to a dafa.

Sai a hanyar gida dabarar ta faɗo wa Tala, har ta tsaya cak a tsakiyar rairayi. Kyauta ana iya mayar da ita. Walimar sauka kuwa ba a ƙin ta, don ba kai ake taimaka wa ba, kai ne ke taimaka wa ɗalibi da ci da addu'a. Ta juya ta nufi ruga da sauri, zane na harɗe ta.

"Gobe Kwamanda na walimar sauka. Ya ce in gayyato ku duka."

Yelwa ta yi mata kallon gefen ido. "Soja da sauka?"

"Liman ya halatta. In kin ƙi zuwa karatun yaro ya zube, alhakinsa na wuyanki. Ni dai na isar."

Yelwa ta yi ta jujjuya maganar tana neman inda kunya za ta kama, ta rasa. Ta ce, "Sai mu zo mu sa masa albarka. Ba don shinkafarku ba."

Kashegari aka girka tukwane huɗu a gaban mangaza. Kwamanda ya fidda shinkafarsa da mai da tumatirin gwangwani. Matan gari, tunda al'ada ce a kai gudummawa gidan sauka, kowa ta zo da abin da ta samu, wata daddawa, wata gishiri, wata tafin dawa ɗaya. Mutanen ruga suka zo cikin wankakkun kayansu suka zauna a gefe. Kafin a buɗe tukunya Tala ta ce ai mai sauka sai ya biya wa jama'a karatunsa. Kwamanda ya miƙe da littafi a hannu yana zufa, ya ba su labari da Hausa. Wai wani sarkin yaƙi ne na zamanin da, aka fi ƙarfinsa, ya janye da rundunarsa tafiyar wata biyu cikin sanyi. Ba ya cin abinci sai sojansa na ƙarshe ya ci, ya kuma sauka daga dokinsa ya ɗora masu rauni.

Sajo ya yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, dokin ya kai gida?"

Kwamanda ya buɗe shafi, ya rufe. "Ba a faɗa ba."

"Mutum nawa yake ɗora masa a lokaci guda?"

"Shi ma ba a faɗa ba."

"To mai littafin bai taɓa kiwo ba," in ji Gogo Yelwa, aka kwashe da dariya, har da Kwamanda.

Aka ci aka sha, Liman ya yi doguwar addu'a. Abin da ya rage a tukwane Tala ta juye a ƙoren ruga, ta ce albarkar karatu ce, a kai wa waɗanda ba su samu zuwa ba, zunubi ne a bar ta ta kwana a tukunya. Ya kai su kwana uku.

Daga ranar Kwamanda ya shiga uku. Tala ta duba ta ga saura littafi shida, in ana sauke ɗaya duk mako, ana iya jan mutanen ruga har a ji ƙamshin damina. Sai ta zama masa malamin da ta ce ba shi da shi. Da an gama awo za ta shimfiɗa tabarmarta a ƙofar buro ta miƙe ƙafa. Duk wanda ya zo hira sai ta ce, "Ɗalibi na karatu." Rediyonsa ta ɗauke ta kai ɗakinta ta rufe da faifai. Kartar da yake bugawa da sarjansa da la'asar ta ɓace, aka neme ta ƙasa da sama, sai bayan damina aka gan ta cikin wata tsohuwar tukunyar Tala. In ta ji shafi ya daɗe bai motsa ba sai ta yi tari.

"Inna, tunani nake."

"Ka yi tunanin kana juya takarda."

Littafi na biyu na yadda shugaba zai yi wa taron jama'a magana ne. Da ya biya musu shi, Tala ta ce in dai wannan ne, ita ma da ta iya rubutu da ta yi wanda ya fi shi kauri. Na uku na taswira ne da yadda ake gane wurin da ruwa yake kusa, shi kam Sajo ya ce mai shi ya ɗan san abin da yake faɗa. Amma walimar na uku kunu kawai aka dama. Shinkafar Kwamanda ta ƙare, mai ya ƙare, shi kansa ya koma tuwon jar dawa, ɗamararsa ta ƙara rami ɗaya.

Sajo ba yaro ba ne. Da yamma ta yi ya zo ƙofar gidan Tala ya durƙusa, ya dafa sandarsa.

"Inna Tala, mun gane. Miyetti, Allah ya biya. Amma yaron nan ya rame saboda mu, kuma kunu ba ya riƙe mutum arba'in. Kashegarin kasuwar Cadawa za mu ɗaure kaya."

"Da Yelwa?"

"Da ita. Ta ce ba za ta zauna ta zama kaya a kanki ba."

Kasuwar Cadawa saura kwana huɗu.

Da safe Tala ta shiga buro ba sallama. Ta ɗauki littattafai huɗun da suka rage, tana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya a tafin hannu kamar mai gwada nauyin damin hatsi. Uku ba su da wani auki. Na huɗu kuwa sai da ta sa hannu biyu, ƙato ne baƙi, ya kai tubali. Ta dire shi a gaban Kwamanda.

"Wanga za ka sauke. Kuma saukarsa ta rago ce."

Akwai rago a bayan buro, fari mai baƙin kai, uwar Kwamanda ta aiko masa da shi tun daga gabas ya yi kiwo har layya. Tala ta daɗe tana gaisawa da ragon nan. Dabararta ba ta wuce wannan ba: in aka sanar da walimar rago, Sajo ba zai iya tafiya ya bar ta ba. In ma tafiyar ta zama dole, su tafi da nama a ciki.

Kwamanda ya dafa littafin. "Inna, wannan ba karanta shi ake ba. Dokoki ne da ƙa'idojin mulki, tun na zamanin da har na yanzu. Ajiye shi ake a kan tebur don a ga kana da shi. Waɗanda suka aiko shi ma ban yi zaton sun kai tsakiyarsa ba. Ko wata guda ba zai ishe ni ba."

"Yana cikin takardar da manya sunka rubuta?"

"Yana ciki."

"To ba a tsallake izu don ya yi tsawo."

"Ragon kuma na mahaifiyata ne."

"Uwarka in ta ji ka sauke wanga ƙato da kunu, ita za ta fara rufe fuska cikin mata."

Aka sake kiran Liman. Ya ji matsala, ya ji kuma an ambaci rago, sai ilimi ya zo masa nan take. Ya ce ai abin ba wuya. In ana son sauka cikin yini ɗaya, rabawa ake, kowane mai karatu ya ɗauki kashinsa, a zauna tabarma ɗaya, a fara tare. Kwamanda ya ce manya shi suka ce ya karanta, ba gayya ba. Liman ya ce kowa in ya gama sai ya gaya masa abin da ya gani, kunne ma ƙofar ilimi ce. Kwamanda ya leƙa taga ya dubi ragon, ya dubi hayaƙin ruga can bayan gari, ya ce Allah ya sa mahaifiyarsa ta yafe masa.

Masu karanta Faransanci a Garin Cindo biyar ne cif. Kwamanda da sarjansa, da malamin da ake ce wa Mushe mai koyarwa a lakol, wato makarantar boko, da Majo na ɗakin shan magani, sai wani tsoho Buba, wanda ya yi soja tun zamanin Nasara ya koyi baƙi a bariki. Aka kira Sale baduku ya sa wuƙarsa ya warware ɗinkin littafin ya raba shi kashi biyar. Kwamanda ya juya baya, bai iya kallo ba, yana cewa kayan gwamnati ne fa. Tala ta ce wanda ya kwance shi zai ɗinke.

Ran kasuwar Cadawa, da rana ta fito, aka shimfiɗa tabarma a inuwar mangaza. Mutum biyar suka zauna a jere kowa da kashinsa, suka fara gunguni. Aka yanka rago. Tala ta kafa doka a gaban kowa, ba za a buɗe tukunya ba sai an karanta shafin ƙarshe. Mutanen gari suka taru, mutanen ruga suka zo, wasunsu har sun fara naɗe tabarmin bukkokinsu. Yelwa ta zauna a gindin bango, ƙafa a miƙe, ba ta kallon ƙawarta.

Da ƙamshi ya fara tashi, sai karatu ya ƙara sauri. Mushe yana juya shafi bibbiyu. Majo yana karanta layin farko da na ƙarshe, ya bar na tsakiya wa Allah. Kafin azahar mutum huɗu sun ajiye nasu.

Saura Buba. Shi ba ya iya karatu a zuci. Yatsa yake ɗorawa a ƙarƙashin kowace kalma ya furta ta da ƙarfi, in ya kai ƙarshen magana sai ya ɗaga kai ya fassara wa kansa da Hausa, ya ce "To," sannan ya ci gaba. Haka aka koya masa a bariki, haka kuma zai yi har ya mutu. Ya karanta dokar tsawon igiyar tuta. Ya karanta yadda ake binne jakin gwamnati in ya mutu a kan aiki. Nama ya nuna har ya fara rabuwa da ƙashi, yara suna zagaya tukwane kamar kuraye.

"Baba Buba, ɗan taɓa ka wuce mana," in ji Mushe.

"Soja ba ya tsallake layi. Kai ma na ga yadda ka yi, ban dai ce komai ba."

Tala ta zo ta tsaya a kansa da ludayi a hannu, ko ganinta zai sa ya yi sauri. Bai ko ɗago ba. Ya ja yatsa, ya furta, ya furta, ya ɗaga kai yana kallon sama.

"Wato, shekarar yunwa ko ta ambaliya, mutanen da masifa ta koro daga wurinsu, in sun kwana arba'in a wurin wani, mai masaukinsu kuma ya tsaya ya shaida, hafsan da ke wurin na da ikon rubuta su cikin karnen mai masaukin, ba sai ya jira izini ba. To."

Ya mayar da yatsa zai wuce. Tala ta dafe shafin da gindin ludayi.

"Maimaita."

"Ke, za ki sa masa mai."

"Maimaita na ce, Buba."

Ya maimaita, kalma ba ta canja ba. Tala ta juya ta kira Kwamanda, a karo na farko da sunansa na yanka. "Hayatu, zo ka ji abin da littafinka ke cewa."

Kwamanda ya karɓi shafin ya karanta a tsaye. Ya zauna ya sake karantawa. Ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa. Sannan ya tambayi Sajo kwanansu nawa a gonar. Sajo ya ce tun kaka, ya fi wata huɗu. Ya tambaya gonar ta wa ce. Tala ta buga ƙirji. Ya ce wa sarja ya ɗauko alƙalami da hatimi, ita kuma ta kawo karnenta.

Karnen Tala suna ɗaya ne a cikinsa, nata. Mijinta ya rasu, ƴaƴanta mata suna gidajen aurensu. Aka ɗauko tebur aka ajiye a fili, mutanen ruga suka yi layi. Amma Gogo Yelwa ba ta motsa ba.

"Mu ba mu zo roƙo ba," in ji ta.

Kwamanda ya je ya durƙusa a gabanta. "Gogo, wannan ba kyautata ba ce, ba ta Inna Tala ba ce. Tun kafin a haife ni aka rubuta rabonku a nan. Ni ne ban karanta ba. In kin ƙi karɓa, kin bar ni da laifin."

Yelwa ta dube shi, ta dubi littafin da ke warwatse a tabarma. Ta miƙa masa hannu ya ɗaga ta.

Da aka zo wurin da ake rubuta dangantakar mutum da mai gida, Kwamanda ya tsaya da alƙalami. "Inna, me zan sa?"

"Sa ɗiyana. Duka arba'in da ukun."

"Ni ce ɗiyarki?" in ji Yelwa. "Na girme ki da damina biyu, Kaɗo."

"A karne dai ni ce babba. Gobe da safe ki zo ki gaishe ni, ki ɗebo mini ruwa."

"Allah ya kiyashe ni. Yaro, rubuta ni uwarta."

Liman ya raba gardama, ya ce a rubuta ƴan'uwa. Layukan karne suka ƙare tun a mutum na goma sha ɗaya, aka yi ta ƙara takarda ana maƙalawa, har karnen Tala ya yi kauri kamar ɗan littafi. Ta ɗauki tiyarta a take ta shiga mangaza. Masu kallo sun ce a ranar ne kaɗai suka ga hannun Tala ya yi rawa, amma awon bai ragu ba.

Da ta fito tana share ido da bakin zane, sai ta ga tukwane na nan a rufe, jama'a sun yi jugum. Buba ya koma kan tabarma, ya ɗora yatsa inda ya tsaya. Saura masa shafi talatin.

"Haba Buba," in ji Tala, "ai an samu abin da ake nema. Tsallake."

"Ke kinka ce sai shafin ƙarshe. Wa ya san abin da ke gaba?"

Aka ƙyale shi, don yanzu kowa ya ga abin da ke fitowa daga ƙarƙashin yatsan nan. Kwamanda ma ya je ya zauna kusa da shi yana saurare. Ba a ƙara samun komai ba sai dokar fentin ƙofar buro da ta tsawon gashin bakin mai gadi. Sai bayan la'asar ya ce "To" ta ƙarshe, aka buɗe tukwane. Naman ya narke ya zama miya, da ludayi aka raba shi, aka ba Buba kan ragon shi kaɗai.

Sajo bai tafi kudu ba. Ruwa ya sauka a kan kari, shanunsa uku cikin biyar suka ga ciyawa, daga su garken ya sake tashi. Gogo Yelwa ta ƙara shekara bakwai a duniya, a gonar Tala ta rasu, kuma har ta koma ga Allah ba ta ɗebo wa ƙawarta ruwa ba. Kwamanda ya karanta sauran littattafai ukun shi kaɗai. A takardar da ya aika sama ya rubuta cewa a fara da baƙin ƙaton nan, a karanta shi da ƙarfi, a kuma fassara shi a gaban mutanen da aka yi shi dominsu. Ba a san ko an ba shi amsa ba, amma hafsoshi biyu na maƙwabta sun aiko an kwafe musu shafin. Bayan kaka aka mayar da Kwamanda gabas, ya yi aure, layyarsa ta shekarar kuwa da ɗan akuya ya yi ta. Sale baduku ya ɗinke littafin da jar fata, sai dai kashin Majo a kife ya shiga, ba wanda ya lura sai bayan shekara biyu. Buba ya zama mai karanta wa gari duk takardar da ta zo daga hukuma. Liman ya sake cika rigarsa. Tala kuwa ta ci gaba da awo a kasuwa har idonta ya gaza, sannan ta ba jikar Yelwa tiyar.